Tarihin Minamata da Izinar da Ke Cikinsa

A kudancin ƙasar Jafan, a tsibirin Kiyushu, akwai wani gari na masunta mai suna Minamata, wanda mutanensa suka daɗe suna cin abincinsu daga tekun Shiranui, har zuwa shekarar 1908 da kamfanin da daga baya aka sani da suna Chisso ya kafa masana'antarsa a can. Da farko jama'a sun ɗauki zuwansa a matsayin alheri, domin ya kawo aiki da albashi, garin ya bunƙasa, har ya zamana arzikin mafi yawan gidaje ya rataya a wuyansa. A shekarar 1932 masana'antar ta fara haɗa wani sinadari da ake yin roba da shi, wanda haɗinsa yake buƙatar zaiba, ta kuma riƙa kwarara dagwalon ruwanta cikin mashigin teku ba tare da tacewa ba.

Halittun ruwa ne suka fara ba da shaida. Kifaye suka riƙa tasowa matattu, hankaki suna faɗowa daga sama, kyanwoyin da ke cin kifi a gidajen masunta kuwa sai su kama makyarkyata, suna tangaɗi da juyi kamar masu rawa, wasu har su afka cikin teku su halaka. Dalili kuwa shi ne, zaibar nan, wadda ido ba ya ganinta a ruwa, tana taruwa a jikin ƙananan halittu, kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, har ta isa ga ɗan Adam ta ninku, ta lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ranar 1 ga Mayu, 1956, Likita Hajime Hosokawa na asibitin kamfanin ya sanar da hukuma ɓullar wata cuta da ba a san asalinta ba, bayan an kawo masa yarinya 'yar shekara biyar wadda ta kasa tafiya da magana. Masu cutar gaɓoɓinsu kan mutu, ganinsu ya ƙuntata, harshensu ya sarƙe, kuma an haifi jarirai da ita tun daga cikin uwa.

Abin da ya fi musibar kanta ɗaci shi ne jinkirin da ya biyo baya. A shekarar 1959 malaman Jami'ar Kumamoto suka bayyana cewa zaiba ce sanadi, shi kuma Hosokawa ya zuba ruwan masana'antar a abincin kyanwa, ta kamu da cutar, amma shugabanninsa suka ɓoye wannan hujja. Sai a shekarar 1968, bayan irin wannan annoba ta sake aukuwa a Niigata a 1965, gwamnati ta yi iƙirari da gaskiya, alhali shekara goma sha biyu ke nan bayan gano cutar guba tana ci gaba da kwarara, matalauta suna ci. A 1973 kotu ta ɗora wa kamfanin laifi, ta wajabta masa diyya. Ragar da aka killace kifayen mashigin da ita kuwa ba a cire ta ba sai 1997. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya kan zaiba a 2013, wadda ta shafe mu ma, tun da masu haƙar zinariya a Zamfara da zaiba suke ware zinariya daga ƙasa.

Izinar Minamata ba ta tsaya ga zaiba kaɗai ba, domin a zamaninmu masana'antu suna ƙera wasu ƙananan ƙwayoyi na azurfa da waɗansu ma'adinai, waɗanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin biliyan na mita, ana sa su a tufafi da man shafawa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun nuna cewa safa mai irin wannan azurfa tana sakinta cikin ruwan wanki, kuma gwaji ya tabbatar da cewa tana cutar da gansakuka da ƙananan kifaye. Ruwa amana ne a hannunmu, kuma wajibi ne a kan duk mai ƙera sabon abu ya kawo hujjar amincinsa kafin ya zuba shi a kogi, domin mutanen Minamata, da aka ce su jira yaƙini, da rayukansu suka biya kuɗin jiran.