Daga Ganuwa Zuwa Kyamara: Tarihin Tsaron Gida a Ƙasar Mafara

Tsohon gidan Bahaushe a Morai ko Bakura ba shi da ƙarfin da zai tsare ɓarawon da ya yi niyya. Katangar ƙasa ce ko darnin kara, ƙyauren itace da sakata a zaure, asabari a ƙofar ɗaki, rumbu kuwa a fili. Duk da haka mutane suna barci. Dalili shi ne tsaron gida yana farawa ne tun daga bakin gari. Akwai ganuwa da gwalalo a bayanta, wani wuri har da sarƙaƙiyar ƙaya, akwai ƙofar gari da ake rufewa idan dare ya yi, sannan baƙo ba ya kwana sai mai unguwa ya san wanda ya sauke shi. Zaure kansa shinge ne, domin namiji baƙo iyakarsa nan, ya yi sallama ya jira. Kwaɗo da mukulli su ne na ƙarshe a wannan jeri, kuma su ne mafi rauni.

Tsarin ya daɗe. Tarihin Kano ya danganta fara gina ganuwarta da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, Birnin Zamfara ma birni ne mai ganuwa kafin Gobirawa su ci shi a zamanin Babari cikin ƙarni na 18. Bayan jihadi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, yana tara jama'ar da ke warwatse wuri guda don su tsare juna. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 aka daina yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwa, sai aka bar ganuwa tana zubewa, mutane suka fita suka kafa tungaye kusa da gonakinsu. Amma ba a bar su haka nan ba, dogarai da 'yan dokan En'e sun maye gurbin katangar, kuma sun san ɓarayin ƙasarsu da suna. A mulkin Gowon aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage ikon hakimai da dagatai. Daga nan nauyin ya fara saukowa kan maigida shi kaɗai: katangar bulo, fasassun kwalabe a kanta, ƙofar ƙarfe daga wajen mai walda, rodi a taga, maigadi da kare ga mai hali.

Na'urorin da ake tallatawa yau an ƙirƙiro su ne don wata irin rayuwa daban. A 1853 Augustus Pope ya yi rajistar ƙararrawar lantarki mai kaɗawa idan an buɗe ƙofa ko taga, Edwin Holmes ya sayi haƙƙinta ya mai da ita kasuwanci a Boston da New York. A 1966 wata ma'aikaciyar jinya a New York, Marie Van Brittan Brown, ta tsara kyamarar da ke nuna mata wanda ke bakin ƙofa, tare da maɓallin neman agaji. Wannan maɓallin shi ne zuciyar abin. Ƙararrawa kira ce kawai, amfaninta yana ga samun mai amsawa da wuri, kamar yadda ihu a tsohon gari yake fito da maƙwabta da sanduna da kwari da baka.

A nan ne ƙasarmu ta sha bamban. Tun wajen 2011 barazanar da ke fuskantar Zamfara ta tashi daga ɓarawo mai haura katanga zuwa gungun 'yan bindiga a kan babura. A 26 ga Fabrairu 2021 an kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Agustan shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun. Babu kwaɗon da aka ƙera don irin wannan. Kwanaki kaɗan bayan harin Kaya aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, wato duk na'urar da ta dogara da sabis ta zama hoto. Shi ya sa jama'a suka koma wa dabarar kakanni, ana haƙa rami a kewaye gari, ana kwanan sintiri, mutanen tungaye suna tattarowa cikin manyan garuruwa kamar zamanin ribaɗi.

Wani zai ce ganuwa ba ta hana a ci Birnin Zamfara ba, Alkalawa, birnin Gobirawa, ma ta faɗi a 1808, kuma wancan zamanin na hare-haren kamun bayi ne. Gaskiya ne, ban ce a yi begensa ba. Abin da nake nunawa shi ne inda nauyin tsaro ya rataya a lokacin. Wani kuma zai ce tsaron gayya shi ya haifar da 'yan sa-kai, waɗanda kashe-kashen da suka yi ba shari'a, musamman a kan Fulani makiyaya, suka ƙara rura wutar. Wannan ƙorafi ya fi nauyi, kuma ina ganin daidai ne. Sai dai tsohon tsari yana da alƙali da sarki a samansa, dogari ba ya yanke hukunci da kansa. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, su fiye da 2,600, yunƙuri ne na sanya wannan gayya ƙarƙashin hukuma, kuma ma'aunin da za a auna su da shi biyu ne: ko suna isowa idan an kira, da ko ana hukunta wanda ya wuce gona da iri a cikinsu. Fitilar sola a lungu da kyamara a ƙofar shago a kasuwar Talata suna da amfani, suna korar ɗan sane da mai fasa shago. Manomin Morai da ke son ya je gona ya dawo, ya kwana da iyalinsa da shanun huɗarsa, yana jiran wanda zai amsa kiransa ne da ƙarfe biyu na dare.