Dorugu: Ɗan Damagaram da aka ɗauki haruffan boko daga bakinsa

Wata mai karatu daga Zinder ta aiko da tambaya. Finafinan Koriya sun sa ta koyon haruffansu a waya, cikin ƴan kwanaki ta fara haɗa baƙi da wasali, shi ne take son sanin ko mu ma akwai wanda ya zauna ya tsara mana namu.

Na Koriya, asalinsu a fili yake. Sarki Sejong ya kammala su a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446, guda 28, yau saura 24: baƙaƙe 14 da wasula 10. Siffar baƙaƙen daga baki aka ɗauko ta. Harafin "m" hoton baki ne, na "n" harshe ne ya taɓa dasashin sama, na "k" tushen harshe ne ya toshe maƙogwaro. In sautin ya zo da hucin iska sai a ƙara zane ɗaya, in ya zo da matsi sai a ninka harafin. Manyan malaman fada, ƙarƙashin Choe Malli, sun kai ƙorafi a 1444 cewa barin rubutun Sin ƙasƙanci ne, sarki bai saurare su ba. Wanda ya sha harshen a nono shi ya tsara masa haruffa, shi ya sa suka zauna daidai.

Namu ba haka ya zo ba. Ajami ya daɗe a hannun malamai, kuma sun yi masa gyaran da ya dace da bakin Bahaushe. Boko kuwa, in aka bi sawunsa, za a tarar da wani yaro ɗan ƙasar Damagaram zaune a gidan wani limamin Kirista a Ingila, yana magana ana rubutawa.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1839 a Dambanas, kusa da Kance. Zamani ne da Damagaram take kai gaisuwa Barno, kuma bayi na cikin abin da ake biyan bashi da su. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka Zinder a farkon 1851, ya ga yadda mayaƙan Sarki Ibrahim ke kai hari kan ƙauyukan da ba su da nisa da birni. A irin wannan hali aka kama Dorugu yana yaro, hannu ya yi ta miƙa shi ga hannu har Kukawa. Can Bajamushe Adolf Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai suka koma wajen abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim.

A ƙarshen wannan shekara ayarin Barth ya sauka Zinder, lokacin Sarki Tanimu na kan gado, suka yi sama da wata guda. Yaron ya dawo ƙasar haihuwarsa a matsayin ɗa, amma bai zauna ba. Ya bi maigidansa Katsina, Sakkwato, Gwandu, Sayi, har Tumbutu, sannan suka keta Sahara suka isa Landan a 1855.

Nan rigima ta tashi. James Frederick Schön, ɗan mishan da ya bi jirgin Kwara a 1841 ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, ya roƙi aron yaran. Barth ya ɗauki alkawarin mayar da su gida, Schön kuma ya ga abin da bai taɓa samu ba: Bahaushe na asali, mai kaifin tunani, mai bakin ba da labari. Da lokacin tafiya ya yi, yaran suka tsaya wajen Schön. Barth ya fusata, ya ɗauka an janye masa su ne ta bayan gida. Ɓangaren Schön suka ce yaran ne suka zaɓi zama don su yi karatu.

Ni dai na fi karkata ga Barth a wannan gaɓa. Yaron da bai wuce shekara 17 ba, a ƙasar da bai san kowa ba, ci da sha da suturarsa na hannun mai tambayarsa, wane irin zaɓi ne gare shi? Kuma amfanin zamansa ga Schön ba ɓoyayye ba ne. Abbega ya koma a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu sai 1864. A tsakanin nan da bayansa Schön ya fitar da littafin koyon karatun Hausa a 1857, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar Dorugu da tatsuniyoyin da ya faɗa. Faransa ta ba Schön kyautar Volney, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Schön bai ɓoye sunan yaron a cikin littattafan ba, wannan kam a ba shi, amma a bango sunan mutum ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya zube tsakanin bakin mai faɗa da kunnen mai rubutu. Dorugu yana bambanta b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, kamar kowane yaron Kance. Kunnen Schön bai kama wannan bambanci ba, haruffansa kuma ba su nuna shi ba. Malamin allo a Birnin Zinder, da tawadarsa da alƙalamin kara, ya riga shi: yana da harafin da yake ware wa ɗ, da wanda yake ware wa ts. Da an tambaye shi, da boko bai yi shekaru masu yawa yana lalube ba.

Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, yana koyarwa a Nasarawa, a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya rasu a 1912, shekarar da Ɗan Hausa ya buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Bayan nan aka yi ta gwaji, wasu ɗigo a ƙasan harafi, wasu alama a gefensa, har lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ ta kafu a shekarun 1930 ta hannun Rupert East a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa ta daga 1939. A Nijar kuwa makarantar Faransa ba ta ba Hausa kujera ba, ko a shekarun da Zinder ke babban birni, 1911 zuwa 1926. Sai bayan taron Bamako na 1966 aka daidaita rubutu, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a Zinder. Nijar ta riƙe ƴ, Najeriya ta riƙe 'y. Tsawon wasali da karin sauti kuwa, har yau boko bai nuna su, malamin aji ɗaya da bakinsa yake koya wa yara.