Ƙauyukan Garki da Asalin Harsunan Kwamfuta Masu Tsarin Abubuwa

Ɗalibin da ya fara koyon ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta na zamani, irin su Java ko C++ ko Python, ko a Dutse yake ko a Kazaure, kalmomi uku ne suka fi ɗaure masa kai, watau jinsi da abu da gado. Sau da yawa yakan haddace su kamar karatun allo, ya ci jarrabawa, ba tare da ya san matsalar da ta haife su ba. Ga shi kuwa ƙasar Garki ta ga irin wannan matsala da idonta.

Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. Duk bayan mako goma ma'aikata sukan bi ƙauyuka irin su Sugungum da Rafin Marke, su ɗebi ɗigon jini daga yatsun mutane, su duba shi, su rubuta abin da suka gani. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin sauro mai suna propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da rabon ƙwayoyi ga kowa da kowa. Cutar ta ja baya ƙwarai inda aka haɗa biyun, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma sai ta komo.

Cikin 1974 masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka fito da wani lissafi na kwaikwayon yaɗuwar cutar. Sun kasa jama'a kashi bakwai gwargwadon halin jininsu da garkuwar jikinsu, lissafin yana nuna yadda ake fita daga wannan kashi a faɗa wancan. Aiki ne na gwaninta, sai dai a cikinsa mutum ba shi da fuska, adadi ne kawai a cikin kashinsa. Alhali duk wanda ya kwana a ƙauye da damina ya san sauro ba ya raba cizo daidai. Na bakin fadama da na kan tudu ba ɗaya ba ne.

Tun kafin haka, a can Oslo ta ƙasar Norwe, waɗansu mutum biyu, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl, sun yi ta fama da tambaya mai kama da wannan tun 1962: yaya za a kwatanta wa na'ura tsarin da ke ɗauke da abubuwa masu yawa, kowane da halinsa, kamar jiragen ruwa masu jiran layi a tasha? Amsarsu ita ce harshen Simula, wanda ya kammala kamanninsa a 1967. Dabarar ita ce a fara bayyana jinsi, a ce ga siffofinsa, ga kuma ayyukansa. In da Garki za a yi misali, jinsin shi ne "mutum": siffofinsa shekaru da ƙauye da yawan ƙwayar cuta a jini, ayyukansa kamuwa da warkewa da ƙaura. Kowane mazaunin Sugungum abu ne guda daga wannan jinsi, yana riƙe da nasa shekarun da nasa jinin. Jariri kuwa jinsi ne da ya gaji duk abin da "mutum" yake da shi, aka ƙara masa garkuwar da ya samo daga uwa. To, wannan ne gadon da ke ruɗa ɗalibai, kuma a gaskiya wanda ya iya tsara takardar ƙidayar ƙauyensu ya fi kusa da fahimtarsa bisa wanda ya haddace ƙa'idojin rubutun harshen.

Sauran tarihin bin sawu ne. Alan Kay da abokan aikinsa a kamfanin Xerox na Amurka suka gina Smalltalk daga 1972, da nufin har yara su iya. Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak, ya ɗanɗani Simula lokacin da yake digirinsa na uku a Kambirij. A 1979 ya fara dasa dabarunsa cikin harshen C, wanda aka raɗa wa suna C++ a 1983. Python ya fito a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Java kuma a 1995.

Hanyoyin biyu sun haɗu a 2006, sa'ad da masu bincike na cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel ta ƙasar Suwizalan suka wallafa sabon lissafin zazzaɓi wanda ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da tarihin kamuwarsa. Daga cikin bayanan da suka gwada shi da su har da na Garki. Wannan aiki shi ne ya zama manhajar OpenMalaria, wadda aka rubuta da C++. Yaran da aka soka wa yatsa a Sugungum cikin 1971 yanzu duk sun haura shekara hamsin.