Takardar Sarki Desiyus: Darasin Ikkilisiyar Kartej a Shekara ta 250

A ƙarshen shekara ta 249 bayan haihuwar Almasihu, Desiyus, sabon Kaisar na Roma, ya kafa dokar da ba a taɓa yin irinta ba. Ya umarci mazauna daularsa, maza da mata, su miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'an hukuma, su ɗanɗana naman hadayar, sa'an nan a ba kowa takardar shaida mai sa hannun jami'an. Da Latin ana kiran takardar libelus. An tono fiye da arba'in daga cikinsu a ƙasar Masar, masu ɗauke da kwanan watan Yuni da Yuli na 250. Ɗaya daga ciki ta wata mata ce mai hidimar allahn kada. Wannan ya nuna dokar ta hau kan kowa, har da masu bautar gumaka.

Tsoro ne ya haifi wannan doka. Kabilun Got suna ƙetare Kogin Danub daga arewa, Farisawa suna matsa wa daular daga gabas, sojoji kuma suna naɗa sarakuna suna kashe su. Desiyus da kansa da yaƙi ya ƙwace sarauta. A tunanin Romawa, masifa alama ce cewa alloli sun yi fushi, maganinta kuwa shi ne jama'a duka su nemi yardarsu da murya ɗaya. Tun shekara ta 212 Kaisar Karakalla ya mai da kusan duk mai 'yanci a daular ɗan ƙasar Roma. Saboda haka hadayar ta zama gwajin ɗan ƙasa nagari: wanda ya ƙi, ana ganinsa kamar mai yi wa ƙasa zagon ƙasa a lokacin haɗari.

Kirista ba su kasance masu tawaye ba. Sun san koyarwar Romawa 13 a kan biyayya ga mahukunta, da umarnin 1 Timoti 2 na yi wa sarakuna addu'a. Kimanin shekara 50 kafin Desiyus, Tatuliyan, malami daga Kartej, ya rubuta cewa masu bi suna roƙa wa Kaisar tsawon rai da zaman lafiyar mulki. Haraji suna biya, doka suna kiyayewa. Abu ɗaya ne suka ce ba na Kaisar ba ne, wato sujada. Dokar 250 kuwa shi ɗin ta nema.

Shugabanni aka fara kamawa. Fabiyan, bishof na Roma, ya mutu a watan Janairu na 250. Babilas na Antakiya da Iskandari na Urushalima sun mutu a kurkuku. Orijin, babban malamin Littafi Mai Tsarki, ya sha azaba a tsare. A Kartej, wadda take ƙasar Tunisiya a yau, bishof Sifiriyan ya ɓuya a wajen birni, yana kiwon garke ta wasiƙu. Waɗansu sun zarge shi da gudu, shi kuwa ya ce zamansa a fili zai ƙara ja wa ikkilisiya wuta.

Abin da ya fi ɓata wa Sifiriyan rai shi ne halin jama'arsa. A littafinsa game da waɗanda suka fāɗi, ya ba da labarin yadda masu bi da yawa suka ruga dandalin birni da ƙafafunsu tun ba a kama su ba, har da masu ɗauke da jarirai zuwa bagaden gumaka. Waɗansu sun yi hadayar. Waɗansu kuma suka bi ta bayan fage, suka ba jami'ai kuɗi suka karɓi takarda ba tare da sun taɓa naman ba, suna ganin sun tsira da rai da bangaskiya duka. Sifiriyan ya ce takardar da kanta musu ce, gama mai riƙe da ita ya yarda a rubuta cewa ya yi abin da Ubangijinsa ya hana. Ya ɗora laifin a kan dogon zaman lafiya da ya sa ikkilisiya barci, da son dukiya, har da bishof-bishof da suka bar garke suka shiga fatauci. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: ranar gwaji ta tone abin da shekarun sauƙi suka rufe.

Tsanantawar ba ta daɗe ba. Desiyus ya mutu a yaƙi da Got a shekara ta 251. Sai wata matsala ta taso daga cikin gida: me za a yi da tarin mutanen da suke so su komo? A Kartej, waɗanda suka sha ɗauri saboda bangaskiya suka fara raba wa fāɗaɗɗu takardun gafara, wani dikon mai suna Felisisimus kuma ya jagoranci masu son a karɓe su ba horo. A Roma, Nobatiyan ya tsaya a ɗaya gefen, ya ce ikkilisiya ba ta da ikon mai da wanda ya yi musun Almasihu. Majalisar bishof-bishof da ta zauna a Kartej a 251 ta ƙi hanyoyin nan biyu. Ta ce a duba kowane mutum da halinsa: masu sayen takarda a karɓe su bayan tuba, masu hadaya su ci gaba da horo, a mai da su in suna bakin mutuwa. Ba da daɗewa ba, da aka hango wata tsanantawa tafe, sai aka buɗe wa duk mai tuba na gaske ƙofar Jibin Ubangiji, domin kada a tura mutum fagen fama da yunwa.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna irin 'yan ƙasa da masu bi suke. Annoba ta auka wa Kartej, mutane suna yar da marasa lafiya a kan hanya. Sifiriyan ya tara ikkilisiya ya ce a yi jinyar kowa, har da waɗanda suka tsananta musu jiya. A shekara ta 257 Kaisar Baleriyan ya sabunta tsanantawa. Da aka gurfanar da Sifiriyan gaban gwamna, ya shaida cewa Allah ɗaya yake bauta wa, kuma ga wannan Allah Kirista suke roƙo dare da rana saboda lafiyar sarakuna. Aka kore shi zuwa garin Kurubis. A ranar 14 ga Satumba, 258, aka sare kansa a Kartej. Wanda aka ce ya gudu a 250 bai gudu ba a 258.

Ku masu shirin hidima, ku lura da yadda jarabar ta zo. Ta zo da sunan ceton ƙasa, cikin 'yar takarda da kowa yake karɓa. Hukuma mai jin tsoro takan nemi fiye da rabonta, jama'a mai jin tsoro kuma takan miƙa tun ba a tilasta ta ba. Iyakar da ke tsakanin Romawa 13 da Ayyukan Manzanni 5:29 ba a ranar tashin hankali ake koyar da ita ba. Tun da sauran kwanciyar rai ya kamata makiyayi ya dasa ta a zukatan mutanensa. In kuwa hadari ya wuce, waɗanda suka kāsa suka dawo bakin ƙofa da kunya, su ma tumakinka ne. Kada ka rage nauyin zunubinsu don neman farin jini, kada kuma ka rufe ƙofar da Ubangiji ya buɗe wa Bitrus.

Tambayoyin Nazari

1. Me ya sa Sifiriyan ya ɗauki sayen takarda a matsayin musun bangaskiya?
2. Ta yaya mai bi zai yi wa mai mulki addu'a da zuciya ɗaya, ya kuma ƙi umarninsa a kan sha'anin sujada?
3. Wane tsari ikkilisiyarka take da shi na mai da wanda ya fāɗi saboda tsoro?