Daga Abawa Zuwa Ulu: Tarihin Yadda Zaren Roba Ya Yi Taushi

 Da yawa daga cikinmu da zare muke cin abinci. Wata saƙar kayan jarirai take yi da kwarashi, wata ɗinkin hijabi, mu kuma muna rumfa muna auna yadi. Shi ya sa na ga ya dace mu san asalin abin da ke hannunmu kullum, musamman wannan ulun da muke saya ƙulli-ƙulli. Sunansa dai ulu, amma mafi yawansa bai taɓa jikin tunkiya ba. Daga man fetur aka samo shi, ɗan uwan leda ne.

Kakanninmu sun san zare iri biyu. Bayan an gurje auduga an shiɓe ta, mace takan zauna da mazari da alli ta yi kaɗi. In ta murɗa sosai, zare ya fito siriri mai ƙarfi. In ta sassauta hannu, sai ya fito da kauri da laushi, shi ne abawa, wadda masaƙa ke sa wa gwado don ya yi ɗumi. Sirrin abawa iskar da ke ɓoye a tsakanin gashin audugar ce. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da Turawa suka shekara da shekaru suna nema a cikin zaren roba.

A shekarar 1935 wani masani mai suna Wallace Carothers, a kamfanin DuPont na Amurka, ya haɗa nailan. A 1940 aka fara sayar da safar mata ta nailan a duk faɗin ƙasar, mata suka yi ta layi. A 1941 kuma wasu mutum biyu a Ingila, John Whinfield da James Dickson, suka haɗa foliyesta, aka sa masa suna Terylene. Yadda ake yin zaren kamar injin taliyarmu ne: a narkar da robar, a matso ta ta ƙananan huji, ta fito doguwa santsi, ta sha iska ta daskare. Ƙarfi kam akwai shi, ga saurin bushewa. Amma zaren a miƙe yake sambal kamar igiyar fatsa, babu gashi, babu wurin da iska za ta zauna. Tufar da aka saƙa da shi takan manne wa jiki, ga sheƙi irin na leda, da sanyi ba ta ɗumi, da zafi ba ta shan gumi.

Maganin farko daga Suwizalan ya fito, daga kamfanin Heberlein da ke garin Wattwil. Dabararsu kowace mace za ta gane ta. Kun ga idan aka yi kitso ya kwana biyu a kai, ranar da aka tsefe shi gashin ba ya kwanciya, sai ya tashi buzu-buzu, ya ninka yadda yake a ido. To haka suka yi wa zare. A murɗa shi tamau, a gasa shi da zafi yana murɗe, a bari ya huce, sannan a warware. Roba tana riƙe siffar da ta huce a cikinta, don haka kowane sili sai ya zama mai lanƙwasa, zaren ya kumbura, ya yi taushi, in an ja ya miƙe, in an saki ya koma. Suka kira shi Helanca. Da farko aiki uku ne daban-daban, ga cin lokaci ga tsada. A shekarun 1950 aka ƙera injin da ke yin duka ukun a tafiya ɗaya, zaren na gudu ba tsayawa. Daga nan farashi ya sauko. Har yau ana yin yadi mai miƙewa da irin wannan zare.

Kamfanin ICI na Ingila ya fito da nasa na foliyesta a 1959 da sunan Crimplene. Ya yi tashe a shekarun 1960 saboda ba ya yamutsewa, ba ya neman guga, amma yana da kauri da zafi, kafin ƙarshen shekarun 1970 mutane sun juya masa baya. DuPont su kuma iska suka riƙa hura wa zaren da ƙarfi har ya yi ƙananan zobba a jikinsa, suka ce masa Taslan.

Ulunmu na saƙa hanyarsa daban ce, kuma ita ta fi burge ni. Sunan robarsa akirilik, DuPont ta fara sayar da ita a 1950 da sunan Orlon. Yanka ta ake yi gajeru-gajeru kamar gashin tunkiya. Sai a ɗebi wani kaso a ja shi da zafi, a bar wani kason yadda yake, a cakuɗa su a kaɗa zare ɗaya. In aka turara zaren, wanda aka ja sai ya tsuke, ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa. Wanda ba a ja ba kuwa ba shi da wurin zuwa, dole ya lanƙwashe ya turo waje. Shi ne wannan kumburin da kike ji a hannu in kin matsa ƙulli. Wato abawa ce ta inji.

Daga baya Jafanawa suka karɓi aikin. A 1970 Miyoshi Okamoto na kamfanin Toray ya samo hanyar fitar da sili wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Sukan kuma jiƙa yadin foliyesta cikin soda mai zafi, irin sodar da muke haɗa sabulu da ita, ta ɗan cinye bayan zaren, yadin ya saki jiki ya yi zubi kamar siliki. Yau fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa foliyesta ne, mafi yawansa daga Sin. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 don audugarmu ta rufe a 2002, kuma duk wadda ta shiga Kantin Kwari ta ga abin da ya cika shaguna.

Ni dai ban ga laifin roba ba. Ba don ita ba, da uwa talaka ba ta iya saya wa jaririnta hula da safa da rigar sanyi a lokaci guda. Abin da ba na so shi ne a ce wa mai saye auduga ce zalla alhali ba ita ba ce. Taushin yanzu yana ruɗar hannu, har na wadda ta daɗe a kasuwa. Ki zare sili ɗaya ki kusanta shi da ashana. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Ulun tunkiya ƙaurin gashi yake yi. Roba kuwa tsukewa take yi, ta narke, ta bar dunƙule mai tauri.

Masu saƙa, tunda da zafi aka sa wa zaren kumburinsa, zafi ne kuma ke cire shi. Dutsen guga mai zafi in ya hau rigar ulu, ta kwanta ke nan, ba ta ƙara tashi. Ku riƙa faɗa wa masu saye su wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, su shimfiɗa a inuwa. Ku kuma ja musu kunne game da hunturu: yaron da ke sanye da kayan roba kada a bar shi kusa da murhu ko kaskon wuta, domin akirilik yana kamawa da sauri, kuma in ya narke fata yake mannewa.