Tarihin Diyyar Lebura a Wurin Gini

Haɗarin wurin gini sananne ne: birkila ya faɗo daga tsani, bango ya rufta wa lebura, ko bulo ya suɓuce daga sama ya fasa wa wani kai. To, wa ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni? Dokar da ke amsa wannan tambaya a Nijeriya daga Ingila ta samo asali.

A 1837 wata kotun Ingila ta yanke shari'ar Priestley da Fowler. Daga ita aka kafa ƙa'idar cewa in sakacin abokin aiki ne ya jawo rauni, babu ruwan maigida. Da yake tsanin da wani ya faɗo daga kai lebura ɗan'uwansa ne ya kafa shi, sai 'yan kwangila suka sami mafaka. Sai a 1897 Majalisarsu ta tilasta wa maigida biyan diyya ko ba laifinsa. Duk da haka, ginin da ba a aiki da inji a cikinsa bai shiga dokar ba sai tsawonsa ya wuce ƙafa 30.

Turawan mulki sun kafa irin wannan doka a Nijeriya a 1941, aka sake ta a 1987. Dokar 2010 kuwa ta ɗora wa maigida zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, inda ake biyan diyya. Amma leburan da ake ɗauka da safe a sallama da yamma, wanda sunansa ba ya cikin takardar albashi, da wuya wannan asusu ya san da zamansa. Allah ya kyauta.