"Ɗan Allah" da "Saɓo": Asalin Kalmomin da Matsalar Fassararsu

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmomin nan biyu ke haddasa gardama. A jihar Tawa, inda mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, akasarin masu karatu Musulmi ne, kuma da sun ji "ɗa" sai su ɗauka haihuwa ake nufi.

A Ibrananci na dā, laƙabi ne na zaɓe da kusanci. An kira al'ummar Isra'ila da shi (Fitowa 4:22), haka ma sarkin gidan Dawuda (2 Sama'ila 7:14). Dokar saɓo kuwa (Firistoci 24:16) ta yanke jifa ga wanda ya zagi Sunan Ubangiji. Littafin Mishna, da aka tattara wajen shekara ta 200, ya ce laifin bai tabbata sai mutum ya furta Sunan a fili.

Ke nan laƙabin kaɗai bai kai ga kisa ba. A ruwayar Markus (14:61-64), babban firist ya kece tufafinsa ne bayan Yesu ya ambaci zama a hannun dama na Mai Iko. Sai a taron Nikiya, a 325, aka tsayar da aƙidar cewa Ɗan da Uban zatinsu ɗaya ne.

"Saɓo" a Hausa ya haɗa kowane irin ƙetare umurnin Allah, wato ya fi na waccan doka faɗi. Wajibi ne masu tsara ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci su bambanta ma'anonin nan, kowace da zamaninta.